Jakar ko-ta-kwana ta iyali: yadda na same ta bayan shekara guda

Jakar da nake magana a kanta irin wadda ake sayarwa a haɗe ce, kuma an rubuta a jikinta cewa za ta riƙe mutum huɗu na tsawon awa 72, wato kwana ukun da Red Cross da hukumomin agajin gaggawa suke ba da shawarar kowane gida ya tanadi abin da zai ishe shi kafin taimako ya iso. Ta shekara tare da iyalina, a gida da kuma cikin mota lokacin tafiye-tafiye, kuma da shekara ta zo ƙarshe na zazzage ta domin duba kayan da wa'adinsu ya ƙare.

Ɗinkinta mai ƙwari ne, zik ɗinta bai taɓa cijewa ba, kuma ruwan sama ba ya ratsa ta da wuri. Sashen agajin farko shi ne ya fi gamsar da ni, domin akwai bandeji iri-iri, da filasta, da auduga, da almakashi mai kaifi, da safar hannu, kowanne a aljihunsa da suna a rubuce, ta yadda mutumin da hankalinsa ya tashi ba zai tsaya lalube ba. Ƙaramin littafin da ke ciki ma ya faɗi daidai game da ƙuna: a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa masa mai ko ƙanƙara.

Rediyon da aka haɗa da tocila da hannun murzawa yana buƙatar dogon bayani, saboda shi ake fi tallata jakar da shi. Yana kama tashoshi sosai, haskensa kuma ya wadatar da ɗaki guda, amma batun cajin waya akwai ƙarin gishiri a cikinsa. Batirinsa mAh 2,000 ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka), alhali yawancin wayoyin yanzu suna ɗauke da 4,000 zuwa 5,000, saboda haka ko a cike yake ba zai cika waya ɗaya ba. Murza hannun na ba da abin da za a saurari labarai ko a yi gajeren kira, faifan hasken ranan da ke bayansa kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, sai dai ya hana batirin mutuwa ɗungurungum. Wanda ya ajiye shi watanni bai duba ba zai tarar cajin ya zube da kansa.

Inda jakar ta gaza ƙwarai shi ne ruwa. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, domin sha da tsafta, wanda ke nufin mutum huɗu na buƙatar lita 48 a kwana uku, nauyin kilo 48 ke nan, kuma babu jakar goyo da za ta ɗauki wannan. 'Yan ledojin ruwan da aka saka ba za su wuce yini guda ba. Ƙwayoyin tsarkake ruwa sun ɗan rage matsalar, muddin an jira minti 30 bayan an jefa su, sai dai ba sa aiki yadda ya kamata a ruwa mai laka sai an fara tace shi. A ganina, rubuta awa 72 a jikin jakar ba tare da wannan gargaɗi ba rashin adalci ne ga mai saye.

Babu magani ko ɗaya a ciki, kuma ban ga laifin masu haɗa ta ba, tunda ba su san wanda ke da asma ko hawan jini ko ciwon suga a gidan kowa ba. Dole iyali su ƙara nasu, tare da gishirin ORS na gudawa, da kwafin takardun shaida cikin leda, da kuɗi a hannu. Sai dai a kula da zafin but ɗin mota, wanda ke lalata magani, ya kuma kashe danƙon filasta, kamar yadda na gani a namu bayan doguwar tafiya.

Abin da tafiye-tafiyen bana suka nuna mini shi ne, kayan jakar sun fi yi wa wasu amfani fiye da mu: fasinjan wata mota da gilashi ya yanke, da yaron maƙwabta da ya faɗi da dare. Wannan ya sa na so a ce an saka kati na rubuta lambobin 'yan uwa da maƙwabta da wurin haɗuwa idan an rabu, domin mutane kaɗan ne suka haddace lamba a yau, kuma lambar gaggawa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ko da yake 112 tana aiki a ƙasashe da yawa. Mu da kanmu muka rubuta katin, muka ba wa gidajen da ke kusa da mu kwafi.

Ina ba da shawarar jakar ga iyalin da ba su da komai a ajiye, da sharaɗin su tanadi ruwa daban, su kuma sayi ƙarin batirin cajin waya. Wanda ya riga ya mallaki akwatin agajin farko da tocila mai kyau, gara ya sayi jaka fanko ya haɗa nasa.