Neon da argon: inda suka haɗu da inda suka rabu

Wani ɗan'uwa mai walda a wannan zaure ya tambaya ko argon ɗin da yake aiki da shi da neon na fitilun talla abu ɗaya ne, kuma ko ɗaya zai iya yin aikin ɗaya. Malam, 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da sana'arsa.

Dukansu gas ne marar launi, marar wari, ba sa kama wuta, ba sa yarda su haɗu da wasu sinadarai. Daga iskar da muke shaƙa ake tace su, bayan an sanyaya ta har ta zama ruwa. A Ingila aka gano su, kuma William Ramsay na da hannu a duka biyun: argon a 1894 tare da Lord Rayleigh, neon a 1898 tare da Morris Travers.

Wajen yawa ne tazarar take. Argon ya kai kashi 0.93 cikin 100 na iska, neon kuwa bai wuce 18 cikin miliyan ba, wato argon ya ninka shi sama da sau 500. Shi ya sa neon ke da ɗan karen tsada, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya hana ka tunanin sa shi a walda. Ga kuma nauyi. Argon ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a kan narkakken ƙarfen ya kare shi daga iskar da za ta ɓata ɗinkin. Neon kuwa bai kai iska nauyi ba, tashi zai yi ya bar wurin. Amma nauyin nan na argon yana da haɗari: yana taruwa a ƙasan tanki ko rami ya kori iskar numfashi, mutum ya faɗi ba tare da ya ji warin komai ba. Don Allah kada ka yi walda a cikin tanki sai iska na shiga tana fita.

A fannin haske ne neon ya yi suna. In lantarki ya ratsa shi, sai ya ba da ja mai ratsin ruwan lemo. Duba testar masu gyaran wuta: ɗan mitsitsin ƙwan da ke yin ja in an taɓa waya mai wuta, neon ne a ciki. Georges Claude ne ya baje kolin fitilar neon a Paris a 1910. Bututun gilashi masu ba da shuɗi kuwa galibi argon ne da tururin zaiba. Yawancin rubutun haske na shagunan yau ma LED ne cikin roba, sunan neon kawai ya bi su.

Aikin neon mafi nauyi yanzu yana masana'antar ƙananan ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, inda na'urorin laser masu zana su ke aiki da shi. Kafin 2022 kusan rabin tataccen neon na wannan aikin daga Yukren yake fitowa. Da yaƙi da Rasha ya ɓarke, kamfanonin Ingas na Mariupol da Cryoin na Odesa suka dakatar da aiki, dole masu ƙera ƙwaƙwalwar suka shiga neman sa a wasu ƙasashe.