Tukunya mai shayar da kanta: ta karɓi areka ta, amma da sharaɗi

Tukunyar ta roba ce, hawa biyu. Ta ciki ita ke riƙe da ƙasa da shuka, ta waje kuma ma'ajiyar ruwa ce. Tsakaninsu akwai lagwani na zare da ke tsotso ruwa daga gindi zuwa saiwa, sai wani siririn bututu a gefe mai jan tsinke a ciki, ya hau idan ruwa ya cika, ya sauka idan ya ƙare. Na saye ta ne domin shukata mai suna areka, wadda ta cika tsohuwar tukunyarta har saiwoyi suka fara leƙowa ta ramin gindi, ruwa kuma in na zuba sai ya wuce sululu bai jiƙa komai ba.

Areka dangin dabino da kwakwa ce, asalinta daga tsibirin Madagaska, tana fitowa kara-kara a dunƙule, karan rawaya-rawaya. Akwai ta da shan ruwa, amma ba ta jure ruwan da ya kwanta mata a saiwa. In ƙasa ta bushe ƙayau bakin ganye ya ƙone, in ta yi caɓa-caɓa saiwa ta ruɓe. Riƙe danshi tsaka-tsaki shi ne duk wahalar rainonta, kuma shi ne alkawarin da wannan tukunya ta ɗauka.

Abin da ya fara burge ni shi ne girmanta. Bakinta ya ɗara na tsohuwar da kamar santimita 4 kawai, wanda shi ake so. Tukunya mai faɗi da yawa tana tara jiƙaƙƙiyar ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, daga nan ruɓewa ke farawa. Tana da zurfi kuma, dangin dabino ko suna son wurin miƙa saiwa ƙasa.

Buhun ƙasar da aka haɗo da ita ne ban yarda da shi ba. Na jiƙa ɗan kaɗan na dunƙula a hannu, na buɗe, ya tsaya cur bai warware ba, ruwa na tsatsa tsakanin yatsuna. Irin wannan in aka ɗora ta kan lagwani, ba ranar bushewa. Sai na haɗa tawa: zaren ɓawon kwakwa, gutsattsarin ɓawon itace, da farar tsakuwar nan mara nauyi da ake kira falayit, wajen kashi ɗaya cikin uku. Ita wannan dutse ne na aman wuta da ake gasawa ya kumbura, aikinta bar wa iska hanya. Wanda bai san wannan ba zai zuba abin da ya gani a kwali, bayan 'yan watanni ya ce tukunyar ce ta kashe masa shuka. Ya kamata masu haɗa ta su gyara, ko su rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro.

Wajen dashen na kwantar da tsohuwar tukunya a gefenta, na bubbuga, na zaro dunƙulen a hankali. Ban warware saiwoyin ba, domin na dangin dabino suna da saurin karyewa kuma ba sa son a dame su. Waɗanda suka yi baƙi suka yi laushi kaɗai na yanke. Na zaunar da ita daidai zurfin da take a da, don binne gindin kara na jawo ruɓewa. Lagwanin na ja shi sama ya shiga cikin ƙasar sosai, ba a bar shi kwance a gindi ba. Makonnin farko ta sama na riƙa ba ta ruwa, ma'ajiyar na nan a bushe, har saiwa ta kama sabuwar ƙasa. Taki kuwa na jinkirta shi fiye da wata guda.

Gaskiya ta yi aiki. Sabon tsiro ya fito daga tsakiyar kara, dogo a naɗe kamar mashi, ya buɗe tas ba ƙuna ko ɗaya a bakinsa, abin da na daɗe ban gani ba. Na yi tafiya na dawo na tarar da ganyenta a miƙe.

Sai dai jan tsinken nan ruwan ma'ajiya yake aunawa, bai san halin da ƙasa take ciki ba. Yana iya nuna ruwa ya ƙare alhali ƙasar na jiƙe sharkaf. Ni yatsa nake cusawa, in saman ya bushe kamar zurfin gaɓa ɗaya sannan in cika. Na biyu kuma, tunda ruwa daga gindi yake hawa, gishirin taki da na ruwan famfo ba sa wankewa, sai su taru fari-fari a saman ƙasa. Areka ko ba ta shiri da gishiri, haka ma sinadarin fuloraid da akan samu a ruwan famfo, nan da nan bakin ganye ke nunawa. Dole lokaci-lokaci a ciro tukunyar ciki a kwarara mata ruwa ta sama har ya zube. A nan ne na fi jin haushi: ba a yi mata mariƙi ba, ta kuma shige ta waje cif-cif, sai da farce ake ɓanɓaro ta, ga nauyin shuka.

Ga mai areka a kusa da taga mai haske, inda rana ba ta dukanta kai tsaye, zan ce ya saya, ya canza ƙasar. Mai ƙaramar shukar nan ta dangin dabino, 'yar asalin Meziko da Gwatamala, wadda ake ajiyewa a lungu mai ƙarancin haske, ko kentiya, wata 'yar dangin mai jinkirin girma, gara ya tsaya kan tukunyar yumɓu mai rami a gindi. Su ba sa shan ruwa da saurin da lagwani ke kawo shi.