Gargaɗi ga masu jiragen ruwa: ɗan damfara mai sayar da inji biyu-biyu

Assalamu alaikum. Duk mai jirgi daga Yauri zuwa Wara, har Rofiya da Malale, da duk wanda ke da ɗan'uwa a sana'ar fito, ya karanta wannan ya tura gaba. Akwai wani mutum da ke tallar injinan jirgin ruwa 'yan Kwatano a Facebook, yana cewa shagonsa na Legas. Ya cinye mini naira miliyan 3 da dubu 650. Ina rubutun nan hannuna na rawa. Miliyan 3 da dubu 650, kuɗin da na sayar da shanu biyu na haɗa da adashina da rancen da Kawuna ya ba ni.

Ni fa ba inji biyu na je nema ba. Inji ɗaya nake so, Yamaha mai ƙarfin doki 75, saboda jirgina na katako ne kuma buhuna da babura nake ɗauka ranar kasuwa. Da na kira shi, da Hausa ya amsa, Hausa tsantsa ba gargada. Ya tambaye ni tsawon jirgin, ya tambayi tsayin katakon baya inda ake ɗaura inji, ko mai doguwar ƙafa nake so ko gajeriya, wato ɓangaren injin da ke shiga ruwa ɗauke da farfela. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ke tambayar tsayin katakon baya? Wanda bai san ruwa ba ai bai san akwai ƙafa mai inci 15 da mai inci 20 ba. Sai ya ce, "Alhaji, shawara zan ba ka tsakani da Allah. Ka ɗauki doki 40 guda biyu. Idan ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai kai ka gaɓa. Rayukan mutane kake ɗauka."

Rayukan mutane kake ɗauka. Wannan maganar ce har yau ke yi mini yawo a ka. Kuma ba ƙarya ya faɗa ba, shi ne abin takaicin. Duk wanda injinsa ya taɓa ɗaukewa a tsakiyar tafkin Kainji lokacin farin ruwa, wato cikowar ruwan damina, iska na kaɗawa, mata na salati, kututturan da ke ƙarƙashin ruwa na jiran jirgi, ya san darajar inji na biyu. Tun hatsarin jirgin ruwa na Wara a 2021 kowa a nan ya shiga taitayinsa. Mutumin ya san inda zai taɓa ni, ya taɓa.

Masu cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, ku ji tsoron Allah. Miliyan 1 da dubu 700 kowane ɗaya ba kuɗin banza ba ne, ba wata garaɓasa na gani ba. Kuma sai da na yi masa gardama. Na ce doki 40 biyu ba su kai ƙarfin doki 80 guda ba, don ƙafa biyu ce a cikin ruwa tana ja da baya. Na ce kowanne ya haura kilo 70, ga nauyi a gindin jirgi, ga fulogi ninki biyu, man giya ninki biyu, farfela biyu, kuɗin bakanike ninki biyu. Na ce kuma idan fetur ne ya zo da ruwa, kuma daga jarka ɗaya suke sha, duka biyun za su mutu tare. Wallahi duk na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji kai ɗan gari ne. To kowanne ka ba shi tankinsa." Amsa daidai. Me kuke so in ce?

Kafin ma wannan, ko bayansa ne, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp. Ga inji a cikin duro cike da ruwa, yaronsa ya ja igiya sau ɗaya ya tashi, yana fitsarinsa da ƙarfi, wato yana feso ruwan da ke sanyaya shi, ya sa giyar gaba ya sa ta baya. Na ce a nuna mini na biyun. Ya ce sabis ya yi rauni, bari a ɗauko shi daga sito. Can ya sake kira, ga wani inji a duron, shi ma ya tashi. Na tura kafin alƙalami, miliyan 1 da dubu 700. Alat na shiga ya kira yana sa mini albarka, har da cewa in gaida Hajiya.

Daga baya ƙanena ne ya jera hotunan da na ɗauka a lokacin kiran, ya ce, "Yaya, duba hannun nan." A hannun tuƙin injin farko akwai baƙin salatif da aka naɗa wurin da robar ta tsage. A na biyun ma ga salatif ɗin nan, wuri ɗaya, har da bakinsa da ya ɗage. Inji ɗaya ne. Murfi kawai suka canza. Inji ɗaya aka nuna mini sau biyu, aka karɓi kuɗin biyu. Kuma shi ɗin ma ba shi aka aiko mini ba.

Na tsallake maganar dubu 250. Bayan kafin alƙalami ya ce kuɗin mota da na masu lodi da abin da za a ba jami'ai a hanya dubu 250 ne. Na tura. Sannan ya haɗa ni da wani wai direba, na ji ƙarar tasha a bayansa, ya ce kaya na cikin mota amma oga ya ce ba za a tashi ba sai an cika kuɗi. Na cika miliyan 1 da dubu 700. Ku haɗa: miliyan 1 da dubu 700, dubu 250, miliyan 1 da dubu 700. Miliyan 3 da dubu 650.

Kuma kaya sun iso, shi ya sa nake cewa mutumin nan ba ƙaramin shu'umi ba ne. An naɗe su da buhu da igiya, fenti sabo fil yana ƙyalli. A bakin ruwa muka kwance, mutane sun taru ana taya ni murna. Bakaniken da ke duba mana injuna ya ɗaga murfin na farko, ya ja igiya, ta ƙi motsi. Fistin ya cije. Ya kwance noti na man giya, abin da ya zubo fari ne kamar kunun gyaɗa, ruwa ya gama shiga. Ƙusoshin duk gishirin teku ya cinye su, fenti aka shafa a kan tsatsa. Na biyun kuwa ba kafireto, ba kwayil, bulok ɗin a tsage an like da gam. Sai ya duba lambar da ke jikin maƙalar injin, ya duba ta ɗayan, ya kalle ni ya ce, "Maigida, lamba ɗaya ce a jikinsu." Sitika aka buga aka manna. A gaban yarana, a gaban Sarkin Ruwa. Ban san yadda na isa gida ba.

Na kira shi, ya ce kuskure aka yi wurin lodi, kayan wani ne, zai canza. Har da "Alhaji kwantar da hankalinka, ni da kai ai an zama ɗaya." Daga nan waya a kashe. Lambar direba a kashe. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗi ma ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Lokacin da na tambaya ya ce na matarsa ne, kuma 'yan kasuwa nawa ne ke karɓar kuɗi ta asusun iyalinsu? Na kai ƙara, na kai takardun banki, ana kan magana. Yanzu ya buɗe sabon shafi da wani suna, hotunan nan dai su ne, har da duron.

Ina da rasit uku, ina da saƙonnin muryarsa, ina da hotunan salatif ɗin. Zan ɗora su duka da zarar mai bin maganar ya ba ni izini, kowa ya ji muryarsa yana cewa rayukan mutane nake ɗauka. Wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗu.

Kada ka biya kuɗin injin da bakanikenka bai taɓa da hannunsa ba. In biyu ne, a tayar da su tare a gabanka, ka duba lambar kowanne. Jirgina na nan a ɗaure, Kawu kuma ya fara tambayar kuɗinsa.