Malamin lesin, manhaja ko tabarau: wanne za a saya wa yaron da karatu ke ba wuya?

Yaro ne mai wayo. Ba shi labari sau ɗaya, zai maido maka da shi har da ƙarin gishiri. Amma a ajiye masa littafi a gani: yatsa a ƙarƙashin layi, leɓe na motsi, ya kalli harafin farko ya cinki sauran. Kalmar da ya iya jiya, yau kamar bai taɓa ganinta ba. Lokacin karatu na yi, ciwon ciki ya tashi. A aji an riga an raɗa masa suna, wai kansa ba ya ja. Iyayen irin wannan yaro su ne masu talla suka fi so, domin wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa taya kaya.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, alhali malaminsa na cewa da da baki ake koyar da komai, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. A lokacin "makantar kalma" aka kira abin, don an zaci matsalar gane kalma da gani ce. Daga baya bincike ya nuna cewa asalin wannan matsala, wadda yanzu ake kira disleksiya, yana wajen rarrabe sautukan magana da haɗa su da haruffa. Ku riƙe wannan, domin shi zai raba muku kayan kirki da na banza.

Kuɗin farko a gwaji ya kamata a sa shi. A duba ido, a duba kunne. Yaron da ba ya hangen allo ko ba ya jin malami sosai ba lesin yake buƙata ba. In waɗannan lafiya lau, sai a nemi masanin halayyar koyo ya tantance inda gizo ke saƙar. Wani karatu ne ke ba shi wuya, wani lissafi (ana ce masa diskalkuliya), wani riƙe alƙalami da tsara rubutu, wani kuma rashin natsuwa ne ya haɗu da ɗaya daga ciki. Sayen magani kafin a san wannan cinikin biri a sama ne. Kada dai juya "b" ta koma "d" kaɗai ya firgita ku, yara da yawa suna yin haka har wajen shekara 7. Idan kuma gwajin ya yi nisa ko ya fi ƙarfin aljihu, ba sai an jira takarda ba kafin a fara taimako.

A ganina, kaso mafi tsoka malami ya kamata ya ci, amma ba kowane malami ba. Malamin lesin na gama-gari yakan maimaita abin da aka yi a aji ne, ya ɗan ɗaga murya, ya ƙara aikin gida. Yaron da hanyar ta ƙi shi da safe, za ta ƙi shi da yamma. Ƙarin da aka samu shi ne gajiya da tsanar littafi. Wanda ake nema shi ne wanda ya samu horo kan koyar da sauti da harafi daki-daki. Za ku ga ya ajiye kati uku a gaban yaro, "k", "a", "i", ya sa shi ya furta kowanne, ya ja su wuri ɗaya ya karanta, sannan ya cire na farko ya sa "r" ya ce yanzu fa? Zai sa yaron ya zana harafi da yatsa a kan faranti mai yashi yana faɗin sautinsa. Ba ya wucewa gaba sai na baya ya zauna, kuma kullum da bita yake buɗe darasi.

Wannan salo ya samo tushe daga aikin Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka a shekarun 1930, shi ya sa za ku riƙa ganin sunan Orton-Gillingham a tallace-tallace. Sunan kaɗai ba shaida ba ne. Abin da kwamitin binciken karatu na Amurka ya tabbatar a rahotonsa na 2000 shi ne amfanin koyar da sautukan haruffa a tsare, ba wani tambari ba. Don haka zuwa da kai ya fi saƙo: ku roƙi a bar ku ku zauna a darasi ɗaya. Ku tambayi malamin a ina yaron yake yanzu, me zai iya nan da wata uku, da me za a auna. Wanda ya ce zai "warkar" da shi cikin mako shida, ku yi masa godiya ku tashi. Gajeren darasi sau uku ko huɗu a mako ya fi awa biyu rana ɗaya. Aibin wannan zaɓi a fili yake: shi ya fi tsada, ƙwararrun ba su da yawa, kuma aikin na watanni ne, wani lokaci shekaru.

Na'ura kuma kashi biyu ce. Akwai mai ɗauke wa yaro kaya: manhajar da ke karanta rubutu da murya, littattafan saurare, da wadda ke rubuta abin da aka faɗa mata. Ba za su koya masa haɗa baƙi ba, amma za su hana shi rasa darasin tarihi da kimiyya saboda kawai shafin ya gagare shi. Wasu iyayen na ganin kamar ha'inci ne a bar yaro ya saurari littafi. Ni ban ga bambancinsa da sandar mai karaya ba. Kafin ku biya, ku leƙa wayar da ke hannunku, yawancin wayoyi da wannan suke zuwa, kuma Microsoft Word na da Immersive Reader mai karanta rubutu da murya. Abu ɗaya za a bincika: shin manhajar na jin harshen da yaron ke karatu da shi?

Kashi na biyu su ne wasannin "horar da ƙwaƙwalwa". Yaro zai ƙware a wasan, karatunsa na nan inda yake. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar irin waɗannan wasanni, ya biya dala miliyan 2 saboda alƙawuran da ya kasa kawo wa hujja.

Tabarau mai launi da ledar da ake ɗorawa a kan shafi daga waccan tsohuwar fahimta ta "makantar kalma" suke cin abinci. A 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar da ta nuna suna magance matsalar karatu. Haruffa na musamman irin su OpenDyslexic ma gwaje-gwaje ba su nuna sun fi na yau da kullum ba. Abin da wani bincike na 2012 kan yaran Italiya da Faransa ya ga ya taimaka shi ne buɗa tazara tsakanin haruffa, wannan kuwa kyauta ake yin sa a kwamfuta.

Mai matsalar lissafi abin taɓawa yake buƙata, ya ga bakwai ta rabu gida uku da huɗu a tafin hannunsa. Sandunan Cuisenaire, 'yan sanduna masu launi da tsayi daban-daban na koyon lissafi, na da kyau, amma marafan kwalba ma za su yi, in akwai mai zama da shi. Sauya makaranta kuwa a bar shi a ƙarshe, bayan an zauna da malaman wadda yake ciki an nemi ƙarin lokaci a jarrabawa, kujerar gaba, da daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri.

Akwai kason da iyaye kan manta idan suna lissafi. Yaron da duk yininsa a kan abin da ba ya iyawa yake ƙarewa, a ware masa wani abu don abin da ya iya: fenti, ƙwallo, kayan ƙere-ƙere, ko tsohuwar rediyo ya kwance ya mayar. Kada a mai da shi ladan karatu da za a ƙwace ranar da sakamako ya yi muni. Ranar gwada malami kuma a tafi da shi. A hanyar dawowa a tambaye shi yadda ya gani, sannan a lura da mako na uku: shi yake ɗauko jakarsa da kansa, ko ciwon cikin nan ya dawo?