Hattara da mai "fassara" gwajin jinin yara a intanet

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Abin da ya same ni zan gaya muku, tun bai sami wani ba.

Ɗana mai shekara 13 aka yi wa gwajin jini bayan ya tashi daga zazzaɓi. Sakamako ya fito, ganin likita kuwa sai bayan kwana huɗu. Ina duba takardar na ga layin da aka rubuta ALP (wani sinadari ne da ake aunawa a gwajin hanta), lambarsa 320, an buga masa tauraro, a gefe kuma an nuna bai kamata ta wuce 147 ba. Gabana ya faɗi. Da dare na tuna wani shafi da nake yawan gani, mai shi sanye da farar rigar likitoci, yana cewa a turo hoton sakamako ya fassara kyauta. Na tura masa.

Ko minti goma ba a yi ba sai ga kiransa. "Hajiya, sai haƙuri, hantar yaron nan ta fara lalacewa. In kika tsaya jiran asibiti, lokaci zai ƙure." Bai tambayi shekarun yaron ba, bai tambayi abin da ya kai mu gwaji ba. Maganin wanke hanta kawai ya kawo, haɗe da na ƙarin jini, wai kwalba biyu suka rage, in tura kuɗi kafin gari ya waye. Na tura. Kwanakin nan ban runtsa ba, kullum ina buɗe idon yaro in ga ko ya yi rawaya.

Ranar da muka je, likitar ta karanta takardar, ta kalli wandonsa da ya ɗage sama da idon sawu, ta ce, "Hajiya, ai tsawo yake yi." Ashe ba hanta kaɗai ke fitar da ALP ba, ƙashi ma yana fitarwa, kuma na yaron da ke girma, musamman a shekarun balaga, yakan ninka na babba sau biyu ko uku. Lambobin da ke gefen takardar na manya ne. Sauran gwaje-gwajen hantarsa duk lafiya lau.

Da wannan giɓin da ke tsakanin ma'aunin yara da na manya mutumin yake cin abinci. Ku ɗauki himogulobin, wanda ake duba ƙarancin jini da shi: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro ɗan shekara 5 zuwa 11 sai ya yi ƙasa da 11.5 ake cewa yana da ƙarancin jini, ɗan 12 zuwa 14 ƙasa da 12, babban namiji ƙasa da 13. Ɗan shekara 8 mai 12 ke nan lafiyarsa ƙalau, amma a auna shi da ma'aunin babansa, sai a ce jini ya ƙare. Fararen ƙwayoyin jini ma na ƙananan yara sun fi na manya yawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuskuren yana iya zama ta ɗaya gefen. Kiriyatinin, wanda ake duba ƙoda da shi, na ƙaramin yaro ƙasa yake da na babba sosai. Lambar da babba zai samu a ce masa lafiya, a jikin ɗan shekara 3 tana iya zama alamar ciwo, kuma irin wannan mutumin zai ce miki babu komai. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuma, in ya yi wa yaro yawa, guba ne.

Don Allah in kun karɓi sakamako, ku duba ko an rubuta shekarun yaron daidai, ku tambayi ma'aikatan ɗakin gwajin ko ma'aunin yara suka sa, sannan ku kai wa likitan da ya rubuta gwajin. Kada ku tura hoton ga wanda ba ku sani ba, sunan ɗanku na jiki.

Kwalaben sun iso, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa. Allah Ya sa ban ba shi ko cokali ɗaya ba. Da na nemi kuɗina ya toshe lambata. Jiya na sake ganin shafin, an canja suna, amma hoton farar rigar yana nan.