Farasan ko Maldif: wanne zai fi wa mai iyali daga Makka?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka ɗan tara abin da ka tara, kana so ka fitar da iyali su ga teku su huta a wani ɗan tsibiri. Ku bakwai ne: kai da maiɗakinka, yara huɗu, babbar tana da shekara 12, autan bai cika biyu ba, sai Hajiya mahaifiyarka mai fama da ciwon gwiwa. Zuciyarka ta rabu tsakanin Farasan da ke nan Jazan da tsibiran Maldif. Allah Ya saka maka da alheri da ka sa Hajiya a lissafi, ba kowa ke tuna tsofaffi ba in ana maganar hutu. Ni dai Farasan zan ce maka, kuma a lokacin sanyi. Amma bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, ka auna da kanka.

Mu fara da takardu, domin nan ne tafiyar da yawa daga cikinmu ke tsayawa tun ba a ɗaure kaya ba. Farasan cikin Saudiyya take. Ba fasfo, ba biza, ba khuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa. Abin da ake nema shi ne kowa ya riƙe iƙamarsa (katin izinin zama) mai rai ko katin ɗan ƙasa, saboda wurin bakin iyaka ne, jami'an tsaron iyaka suna duba mutane da motoci kafin a shiga jirgin ruwa. Maldif kuwa fita ce daga ƙasa. Su can ba su da tsanani, suna ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin ya nuna tikitin komawa da shaidar masauki, ya kuma cika fom ɗin IMUGA ta intanet kafin ya tashi. Nauyin yana nan gida. In duk kuna kan iƙama, kowane mutum sai an fitar masa da khuruj wa auda ta Absher, manhajar gwamnati, riyal 200 ta shiga ɗaya mai wata biyu, wato riyal 1,400 ke nan ku bakwai ba ku ko taka filin jirgi ba. Sannan ka duba matsayin Hajiya da kyau. Idan da bizar ziyara ta shiga ɗaya take zaune wurinka, ranar da ta fita bizar ta ƙare, ba za ta dawo da ita ba. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci a gidaje da dama.

Sai hanya. Daga Makka zuwa Jazan kusan kilomita 700 ne ta hanyar gaɓar teku, ka bi Lis, Ƙunfuza, Birk, Darb, Sabya. Awa bakwai zuwa takwas ne in ba a tsaya ba, da yara kuwa tilas a tsaya. Shawarata ku kwana a Jazan, ku yi sammakon tashar jirgin ruwa. Abbarar gwamnati, wato babban jirgin ruwan da ke ɗaukar mutane da motoci, tana tashi safe da yamma, tafiyar kamar awa ɗaya ce, kuma kyauta take ga mutum da motarsa. Sai dai a kama wuri tun da wuri, musamman na mota, don a lokacin hutun makaranta gurbin motoci shi ke fara cikewa. Akwai ƙananan kwalekwale masu inji da ake kira fuluka, ana biya, sun fi sauri, amma kada ka sa Hajiya da jariri ciki, suna dukan ruwa sosai.

Motar nan ita ce babbar fa'idar Farasan a wurinku, kuma ina so ka tsaya a kanta. Farasan Babba ba ƙaramin wuri ba ne, bakin ruwa masu kyau sun yi nesa da juna, motar haya kuma ba ta da yawa. Da motarka Hajiya za ta zauna a kujerar da ta saba tun daga ƙofar gida har bakin teku. But ɗinka ya ɗauki darduma, kujerar naɗewa, kular ƙanƙara, tukunya, garin tuwo, kuka, daddawa, yaji, da madarar auta. In yaro ya gaji a koma masauki, in rana ta yi zafi a shiga a kunna sanyi. Babu wanda kuke jira, babu wanda ke jiranku.

Hanyar Maldif daban ce. Jirgin sama ne na awa biyar zuwa shida in an samu mai tafiya kai tsaye, in kuma ta Dubai ko Doha za a bi, a ƙara zaman jira. Za ku sauka a filin jirgin Velana kusa da Male babban birninsu, daga nan kuma sai jirgin ruwa mai gudu ya kai ku tsibirin da kuka kama masauki. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, ƙalilan ne ke da mutane. Masauki iri biyu ne. Akwai manyan wuraren hutu inda otal ɗaya ya cinye tsibiri guda, waɗannan su ne na hotuna, kuɗinsu ba na mai mutum bakwai ba ne, kuma ana sayar da giya a cikinsu. Akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, waɗanda tun 2009 aka yarda su buɗe gidajen baƙi. Wanda ya fi suna shi ne Maafushi, kusan kilomita 27 kudu da Male, tafiyar minti 30 zuwa 45. Tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, da ƙafa ake zaga shi. A nan matsalar Hajiya ita ce hawa da sauka: daga gada a taka cikin jirgin da ke rawa a kan ruwa, a sake fita, kuma duk wani yawo da za a yi a can da jirgin ruwa ne. Mai lafiyayyar ƙafa ba zai ko lura ba. Mai ciwon gwiwa za ta yini a ɗaki ku kuna teku.

Batun lokaci kuma kada ka yi wasa da shi, domin dogon hutun makaranta bai yi wa ko ɗayansu daɗi ba. Jazan a watannin Yuni zuwa Satumba zafi ne da gumi mai naɗe numfashi, ya sha bamban da busasshen zafin Makka da kuka saba. Yara ba za su iya fita ba sai gab da magariba. Maldif zafinta bai cika wuce 31 ba duk shekara, amma daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce da iska, teku na tashi, akan soke fita. Masauki yakan yi sauƙi a lokacin, saboda wannan dalilin ne. Lokacin Farasan shi ne Nuwamba zuwa Maris, na Maldif Disamba zuwa Afrilu, wanda kuma shi ne lokacin tsadarta. Don haka ko wanne ka zaɓa, hutun tsakiyar shekara za ka nufa. In da hali a Afrilu, Farasan na da bikin harid: wani kifi mai launi da baki kamar na aku yakan taru sau ɗaya a shekara a ruwa marar zurfi a gaɓar Hasis, mutanen gari su faɗa ruwa suna kamawa. Abin kallo ne, sai dai cunkoso da zafi sun fara a lokacin.

Kuɗi. Ba zan yanka maka farashin ɗaki ba tunda yana hawa yana sauka, amma ga yadda lissafin yake tafiya. A Farasan abin da za ka kashe shi ne mai, kwana a Jazan, da shaƙƙa mafrusha, wato gidan haya da kayansa a ciki, mai ɗaki biyu ko uku da kicin. Otal-otal kaɗan ne a tsibirin, kuma ba duka ne masu kyau ba, saboda haka ka nemi hoton ɗakin na yanzu, ka tambaya ko a ƙasa yake ko akwai lif. A Maldif tikiti shida ne da na jariri, sannan ɗakunan gidajen baƙi na mutum biyu ne ko uku, ku sai ɗaki uku, galibi ba kicin, kowane abinci saye ne. Farashin da kake gani a waya sau da yawa bai haɗa da haraji ba: akwai kashi 10 na hidima, akwai harajin yawon buɗe ido kashi 17, akwai kuma harajin muhalli dala 6 kan kowane mutum kowane dare a ƙananan gidajen baƙi, ban da yaron da bai kai shekara biyu ba. Ku shida a dare biyar dala 180 ke nan, riyal 675. Kuɗin tikitin Maldif kaɗai zai iya ɗaukar tafiyar Farasan gaba ɗayanta har ya yi saura.

Kada ka ɗauka ina rage wa Maldif daraja. In kyan ruwa ake magana, ta fi. Yashin fari ne tas, ruwan garau, kifi na yawo a ƙafar yaro, kuma sun iya karɓar baƙo: masu jirgi, rigunan iyo, masu nuna hanya, komai a tsare. Ƙasar Musulmi ce tun 1153, ana kiran salla a kowane tsibirin da mutane ke zaune, abinci halal ne, ba a sayar da giya a garuruwansu. A Male akwai tsohon masallacin Juma'a na 1658 da aka gina da dutsen murjani, wanda ya cancanci a kai yara. Karin kumallonsu, mas huni, kifi ne da kwakwa da albasa da barkono a ci da gurasa, bakin Bahaushe ba zai ƙi shi ba. Amma ka sani a Maafushi an keɓe wani bakin ruwa inda Turawa ke iyo da irin shigarsu, kuma tsibirin ƙarami ne, ba a kauce wa juna. In ka dage sai Maldif, duba ƙananan maƙwabtansa irin Gulhi, sun fi shiru. Jiragen ruwan gwamnati masu araha kuma ba sa aiki ranar Juma'a.

Farasan ba ta da wannan tsari, ita nata kyan na sakewa ne. Za ku iya samun bakin ruwa a Janaba ko Gadir ku shimfiɗa darduma, maiɗakinka da 'yarka su shiga ruwa da suturarsu ba mai kallonsu. Akwai abin nuna wa yara ban da iyo. Garin ya yi arziki da cinikin lu'ulu'u, gidan Rifa'i mai ado a bango da masallacin Najdi duk attajiran lu'ulu'u ne suka gina su kimanin shekara ɗari da suka wuce. Akwai tsohon ƙauyen Ƙassar na gidajen dutse, da ganuwar Turkawa a kan tudu, da gadar da ta haɗa da tsibirin Sajid. Da jirgin ruwa ana shiga kurmin Ƙandal, itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Akwai barewa ta musamman da ake karewa a can, kuma a 2021 UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren kare halittu na duniya, na farko a Saudiyya. Yaran da suka tashi tsakanin benayen Makka ba za su manta ranar da suka ga barewa a sake ba.

Abin da ya fi damuna a duk biyun shi ne ruwa da yaran. 'Ya'yanmu na Makka yawancinsu ba su iya iyo ba, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yawancin gaɓar Farasan babu mai tsaron masu wanka. Ka sayi rigar iyo ta kowane yaro tun daga Jidda ko Jazan, da takalmin roba saboda murjani na yanka ƙafa. In yara na cikin ruwa, babba ɗaya aikinsa kallonsu kawai, ba waya, ba haɗa shayi. Kada ku shiga inda aka kafa allon hani, kuma ka adana lambar masu tsaron iyaka, 994. Ku tafi da maganin sauro ko'ina kuka nufa, zazzaɓin dengi yana nan a Jazan yana nan a Maldif. Ta fuskar asibiti ma Farasan ta fi kwantar da hankali: akwai babban asibiti a tsibirin, Jazan na kusa, ga harshen da kuke ji. A ƙananan tsibiran Maldif ƙaramar cibiyar lafiya ce, abu in ya yi tsanani sai an ɗauki mutum a jirgin ruwa zuwa Male, kuma inshorar da kuke amfani da ita a nan ba lalle ta yi aiki a can ba, sai an sayi ta tafiya daban.

Saboda haka ka kai su Farasan a hutun sanyin nan, dare uku ko huɗu ya isa. Maldif ka bar ta sai autan ya yi wayo, manyan sun koyi iyo, ko ku je kai da maiɗakinka kaɗai. Kafin ka biya kuɗin shaƙƙa, fara kama gurbin mota a abbara, zuwa da dawowa, sannan ka ɗora sauran a kan ranakun da ka samu. Maganin Hajiya kuma a ɗauko wanda zai wuce kwanakin tafiyar, don in iska ta tashi akan dakatar da jirgin. Ka gaishe min da ita, Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya kai ku Ya dawo da ku lafiya.