Hattara da mai sayar da batirin lithiyam a rabin kuɗi

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar batirin sola a Facebook, yana cewa kaya ne da aka kwance daga turakun sadarwa, shi ya sa yake bayarwa a rabin kuɗin kasuwa. Sunan shafinsa ba zai amfane ku da komai ba, don tun da na biya shi ya canja suna sau biyu. Ni dai ya ci kuɗina, ga kuma yadda aka yi.

Da bazara batirina na tubula, wato dogon batirin sola mai ruwa, ya gaji, ko fanka ba ya kaiwa asuba da ita. Sai na ga tallar nan: lithiyam, bolt 12, 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Ya turo mini bidiyo ya ɗora mita a kai, ta nuna bolt 13.2. Na tura kuɗi, direba ya kawo mini kwali a tasha. Akwatin fes, takarda a manne, nauyinsa kuma ya haura kilo 20, daidai da abin da ake tsammani. Na san araha ba ta ado, amma zafi ya hana ni tunani.

Daren farko na kunna fanka ɗaya da ƙwai uku, duka ba su kai wat 100 ba. Kafin awa uku inbata ta fara kuka. A lissafi, 200 sau 12 wat 2,400 ke nan na awa guda, lodin nan ya kamata ya kusa awa 20 a kai. Na kira mai kayan, ya ce in bar batirin ya sha rana kwana uku zai “buɗe”. Kwana na huɗu lambar ta daina shiga.

Na kai wa mai gyaran unguwarmu. Ya kwance murfin, ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, zo ka ga abin da ka saya.” Tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta ne, waɗanda ake kira 18650, kala-kala, an liƙe su da salatif a gefe guda. Sauran wurin kuwa ledoji ne cike da yashi, an ɗaure su tsaf don kada su yi motsi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, babu BMS, wato allon da ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko batir ya ɗau zafi. Lithiyam ba tare da shi ba gobara ce ke jiran rana, kuma a ɗakin da yarana ke kwana na ajiye shi.

Mai gyaran ne ya fahimtar da ni cewa mita ba ta faɗin yawan wutar da batir ke riƙewa. Batirin da ya kusa mutuwa ma zai nuna lamba mai kyau idan yanzu aka cire shi daga caji. Sai an ɗora masa lodi a duba agogo ake gane gaskiyarsa. Wasu ƙwayoyin ma an rubuta musu 9900mAh, alhali 18650 na gaske ba ya wuce wajen 3,500.

Ya ce irin waɗannan 'yan damfarar suna kuma wanke batirin mota su manna masa takardar sola. Na mota aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙoƙi ya tayar da inji, sai motar ta mayar masa. Idan ana zuƙe shi kowane dare, 'yan watanni zai yi. Tubula na gaske mai 200Ah kuwa yana kusan kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da sauƙi.

Don haka duk wanda ya ƙi a gwada batir da lodi a gabanka, ya ƙi nuna shago, ya ƙi ba da rasit da garanti a rubuce, ka riƙe kuɗinka. Na kai ƙorafi banki da lambar asusun da na tura wa kuɗin, ina jira. Jiya kuma na sake ganin bidiyon nan a wani sabon shafi, mita ɗaya, tabarma ɗaya, 13.2 ɗin nan dai.